Kwalaben Redi da Gwangwanayen Masara

A shekarar 1668 wani likitan Italiya, Francesco Redi, ya zuba nama a kwalabe, ya bar wasu buɗe, wasu ya rufe da ƙyalle shara-shara. Naman da ƙuda ya sauka a kai kaɗai ya yi tsutsa, alhali a da an ɗauka ruɓewa ce ke haifar da ita.

Haka ɗalibi zai gwada amfanin taki ga masara. Ya shuka iri ɗaya a gwangwani goma, ƙasa da ruwa daidai, biyar kaɗai ya sa wa taki. In ya kai masu takin inuwa, aiki ya ɓaci, don bambanci ya zama biyu. Ya riƙa auna tsayin tsiro kowace safiya, yana rubutawa nan take, ko da sakamakon ya saɓa wa zatonsa.