Darasi: Abin Da Hanci Ke Faɗa Idan Hankali Ya Tashi

 Yau za mu leƙa wani bincike da ya shafi uwa da ɗanta, amma bari mu fara da na'urar da aka yi aikin da ita.

Kun tuna ɗan ma'aunin nan da ake saita wa mutum a goshi lokacin Ebola a 2014 da korona a 2020? To, kyamarar auna zafi 'yar uwarsa ce, sai dai ita fuskar gaba ɗaya take ɗauka. Duk jiki mai ɗumi yana fitar da wani haske da ido ba ya gani, wanda William Herschel ya gano tun 1800. Kyamarar takan mayar da shi launuka, wuri mai zafi daban, mai sanyi daban. Amfaninta shi ne ba a manna wa mutum waya ko ɗaya, yana cikin hirarsa ake auna shi.

Idan gaban mutum ya faɗi, ƙananan hanyoyin jinin da ke bakin hanci sukan tsuke, jini ya ragu a wurin, sai hancin ya yi sanyi. Mutum yana iya haɗiye maganarsa, ya ƙirƙiro murmushi, amma wannan ba a hannunsa yake ba. A 2025 masu bincike a Jami'ar Sussex ta Ingila, ƙarƙashin Farfesa Gillian Forrester, sun sa mutum 29 yin jawabi a gaban baƙin fuskoki, sannan su ƙirga daga 2023 zuwa ƙasa suna cire 17-17. Kowanensu zafin hancinsa ya sauka, tsakanin digiri 3 zuwa 6, na akasarinsu kuma ya dawo bayan 'yan mintuna.

Wanda ya fi jan hankalina shi ne na Jami'ar Kiyeti da ke Italiya, da Arcangelo Merla da abokan aikinsa suka fitar a 2012 da 2013. Akan ba yaro ɗan shekara uku abin wasa, a ce masa mai shi yana ji da shi ƙwarai. Alhali an riga an shirya shi yadda zai ɓalle a hannunsa. Yaro yana cikin wasa sai abu ya karye. Mai abin ya dawo, ya duba, ya yi shiru. Ita kuwa uwar tana bayan gilashi, tana ganin ɗanta, shi ba ya ganinta. Kyamara ɗaya na kan yaron, ɗaya na kanta.

Hancin yaron ya yi sanyi, tun ba wanda ya ce masa uffan. Abin mamakin, zafin fuskar uwar ma ya riƙa sauyawa tare da nasa, ita da ba ta fasa komai ba. Da aka kawo wasu matan su kalli yaran da ba nasu ba, su ma jikinsu ya amsa, sai dai na iyayen ya fi saurin amsawa. A ganina wannan abin lura ne ga uwargida: yaron da ya fasa kofi ya tsaya tsuru-tsuru, ba lalle ne taurin kai ba, wataƙila cikinsa ya riga ya ɗuri ruwa. Ke ma da kike shirin ɗaga murya, jikinki ya riga bakinki shiga maganar.

Amma fa kar wata ta ce za ta riƙa taɓa hancin maigida don ta gane ko yana ɓoye mata wani abu! Kyamarar tana nuna cewa jiki ya motsa ne kawai, ba ta faɗin dalili. Wani bincike a Japan a 2008 ya nuna hancin jarirai yakan yi sanyi har lokacin da suke dariya. Sanyin ɗaki da yanayin numfashi duk suna canja awon, shi ya sa sai an bar mutum ya zauna a ɗakin gwajin na ɗan lokaci kafin a fara.

A ƙarshen gwajin na Italiya, mai abin wasan yakan rarrashi yaron, ya nuna masa ba laifinsa ba ne. Daga nan kyamara ta nuna hancinsa yana sake ɗaukar ɗumi.