Darasin Wannan Mako: Mu Ƙera Ƙaramin Kwale-kwale a Gida

A hutun da ya wuce, wasu daga cikinmu 'yan ƙungiyar 'yan jarida ta makaranta mun ƙera ƙananan jiragen ruwa a gida, da muka dawo kuma muka gwada su a cikin baho. Wasu sun yi tafiya, wasu sun kife, ɗaya ma ko minti guda bai yi ba ya nutse. Ga abin da muka koya.

Sana'ar ta daɗe a ƙasarmu. A shekarar 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a ƙauyen Dufuna da ke Jihar Yobe ya ci karo da kwale-kwale a binne. Masana sun auna shekarunsa, suka samu kimanin 8,000. Tsawonsa ya haura mita 8, kuma daga gungumen itace ɗaya aka sassaƙe shi. Har yau a Yawuri da Argungu da gaɓar Tafkin Chadi akwai mutanen da jirgi ne abin hawansu zuwa kasuwa da gona da makaranta.

Me ya sa jirgi ba ya nutsewa?

Ƙusa tana nutsewa, amma gwangwanin kifi da ya fi ta nauyi yana yawo a kan ruwa. Wani masani Bagirke mai suna Arkimidis ya bayyana dalilin fiye da shekaru 2,000 da suka wuce: ruwa yana tura abu sama da ƙarfi daidai da nauyin ruwan da abin ya ture. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Idan muka yi jirgin kwano mai tsawon santimita 20, faɗi 10, zurfi 5, cikinsa lita ɗaya ke nan, don haka ba zai ɗauki fiye da kilo ɗaya ba, har da nauyin jikinsa. A ce nauyinsa giram 200 ne. Muka ɗora masa ledar ruwa ɗaya mai rabin lita, nauyi ya zama giram 700, zai shiga ruwa santimita uku da rabi, saura ɗaya da rabi a waje. Muka ƙara leda ta biyu, nauyi ya zama giram 1,200, sai ƙasan baho. Masuncin Argungu da ke kwanciya a kan gora yana jefa homa, da wannan ƙa'idar yake aiki.

Zaɓen siffa

Mun gwada siffa biyu. Mai faɗi da shimfiɗaɗɗen gindi ya fi sauƙin ƙerawa, ya fi ɗaukar kaya, ba ya saurin kifewa, kuma yana bi ta ruwa marar zurfi. Aibinsa shi ne nauyin tafiya. Siriri mai tsinin baki yana keta ruwa da sauri, irinsa ake tsere da shi a bikin kamun kifi na Argungu, amma kaya kaɗan suka karkata gefe sai ya juye. Saboda haka kafin a yanka kwano ko katako, a fara tambaya: me jirgin zai ɗauka, kuma a wane irin ruwa?

Mun kuma lura da abu biyu. Na farko, kaya masu nauyi a ƙasa ake sa su, a tsakiya. Batirin da muka ɗaura a saman wani jirgi ya kifar da shi, da muka kwantar da shi a ciki sai jirgin ya daidaita. Wannan ne ya sa matuƙi yake hana fasinja miƙewa tsaye. Na biyu, a toshe duk wata mahaɗa. Mu da narkakken kyandir muka yi. Jirgin da ya nutse nan take, wata 'yar ɓula ce muka raina.

Zaɓen abin da zai tura shi

Gwangwala tana tokarar ƙasa ne, don haka sai inda ruwa ba zurfi. Filafili ba ya cin ko kwabo, ba ya lalacewa a tsakiyar kogi, amma yana gajiyar da hannu. Ƙyallen da iska ke turawa shi ma kyauta ne, sai dai ranar da iska ta kwanta an tsaya. Injin da ake maƙalawa a bayan jirgi ya fi duka sauri, amma yana shan mai, yana ƙara nauyi a baya, ciyawar ruwa kuma tana naɗe farfelarsa. Matuƙi mai hankali ko da inji ba ya barin filafili a gida. Filafili da farfela aikinsu ɗaya: su tura ruwa baya, ruwa ya tura jirgi gaba, kamar yadda dokar Niyuton ta uku ta nuna.

A ƙananan jiragenmu mun gwada roba da aka murɗa ta juya ɗan falankin katako, da balan-balan, da injin tsohon abin wasa mai batir. Balan-balan ya fi zabura amma nan da nan ya sace. Mai batir ya fi daɗewa, ya kuma fi nauyi. Mai roba ya fi araha da sauƙin gyara.

Abin da ya sa muka damu

A watan Nuwamban 2021 jirgi ya kife a Bagwai ta Jihar Kano, ɗaliban Islamiyya da dama suka rasu. Allah Ya jiƙan su. Yara ne kamarmu. Sau da yawa lodi fiye da ƙima ne ke jawo irin wannan. Tun 1876 Ingila ta yi dokar zana layi a jikin jirgi, wanda ruwa bai kamata ya haura ba. Mu ma mun zana a namu. Idan za mu hau kwale-kwale, mu dubi tazarar da ke tsakanin ruwa da bakinsa. In ta yi kaɗan, mu jira sahu na gaba, mu kuma nemi rigar kariya. Sannu ba ta hana zuwa.

Aikin gida

Kowane aji ya ƙera jirgi ɗaya da bai wuce santimita 30 ba, ya lissafa nauyin da zai ɗauka kafin a sa shi a ruwa, ya kawo mana sakamakon. A nemi babba ya taya yankan kwano. A baho ko daro za a gwada, ban da kududdufi da rafi. Ajin da lissafinsa ya fi kusa da gaskiya, za mu liƙa sunansa a wannan allo mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.