Gobarar Daji a Idon Tauraron Ɗan Adam

Mu mutanen Gesse mun san halin hunturu. Da ciyawa ta bushe sai maharba su cinna wa daji wuta don korar gafiya da zomo. Amma fa ba mahalukin da zai tsaya a ƙasa ya auna abin da ya ƙone tsakanin Birnin Kebbi da Argungu.

Wannan sai tauraron ɗan Adam. A 1972 Amurka ta harba Landsat, a 1999 kuma Terra, wanda yakan gane wuta ta zafinta, ya kuma ga baƙin tabon da ta bari. Da masana suka jera hotunan taurari na 1998 zuwa 2015, sai suka tarar filin da ke ƙonewa a duniya ya ragu da wajen kashi ɗaya cikin huɗu, musamman a dajin ciyawa irin namu.

To, kada iyayenmu su yi saurin murna. Gonaki ne suka cinye dajin. Ni a ganina wutar abinci ta rasa. Ga shi kuma ƙananan gobara, irin ta karan shinkafa a fadamar Rima, sau da yawa sukan kuɓuce wa idon Terra.