UWARGIDA, KADA KI RAINA CIWON DA KE ZUWA YA TAFI

Uwargida, ko idonki ɗaya ya taɓa yin hazo, yana ciwo in kin juya shi, bayan makonni ya washe? Ko ƙafarki ta taɓa sagewa kwana da kwanaki, kina jan ta, sa'an nan ta saki? Abubuwa da yawa na kawo haka. Ɗaya daga cikinsu shi ne ciwon da likitoci ke kira Maltiful Sikilerosis, a taƙaice MS. Ki karanta wannan, ko ki sa a karanta miki.

MENE NE SHI?

Jijiyoyin ƙwaƙwalwa da na lakar baya kamar wayar lantarki suke, kowace da rigarta. A wannan ciwo, garkuwar jiki, wadda aikinta yaƙi da cuta, ita ce ke kuskure ta riƙa cin rigar jijiya. Sai saƙon ƙwaƙwalwa ya yi jinkiri, ko ya kasa isa ido, ko hannu, ko ƙafa.

Wani likitan Faransa mai suna Sharko ne ya bayyana shi a 1868. A ƙidayar 2020, masu shi sun kai wajen miliyan 2.8 a duniya. Ya fi yawa a ƙasashen sanyi, irin su Kanada da arewacin Turai. A nan wajenmu bai yi yawa ba, amma akwai shi. Ya fi kama mata, yawanci tsakanin shekara 20 da 40, watau daidai lokacin haihuwa da reno.

ALAMUNSA

Hazon ido ɗaya, ko ganin abu biyu-biyu. Sagewar hannu ko ƙafa, ko jin kamar kiyashi na bin fata. Jiri da tangaɗi. Jin kamar lantarki ya ja ki a baya in kin sunkuyar da kai. Fitsari ya riƙa matsa ki ko ya kuɓuce. Gajiya mai tsanani wadda barci ba ya kawar da ita. Wannan fa ba ƙyuya ba ce, kada a yi miki gori.

Ki lura: in baki ya karkace farat ɗaya, ko magana ta sarƙe, ko ɓarin jiki ya mutu, wannan yana iya zama shanyewar ɓarin jiki. A kai ki asibiti nan take, kada a jira gari ya waye.

YADDA YAKE RUƊIN MUTANE

Ga yawancin masu shi, ciwon kan taso, ya yi kwanaki ko makonni, ya lafa da kansa. In ya lafa, sai a ce tsagar wanzami ce ta yi aiki, ko jiƙon da aka sha, ko a ce an karya sammu. Ana nan sai ya dawo bayan watanni ko shekaru, wataƙila a wata gaɓa dabam. Kowane tashi yana iya barin tabo a jijiya, tabon kuwa taruwa yake yi. Lafawa ba warkewa ba ce. Ba kishiya ba ce ta jefe ki, ba kuma a ɗaukarsa ta cin abinci tare ko ta kwanciyar aure.

INA ZA KI NUFA?

Ki fara da mu a nan. Ki gaya wa malamar asibiti duk abin da ya taɓa faruwa, har wanda ya wuce tun shekarun baya, don wannan labari shi ne rabin bincike. Za a ba ki takarda zuwa wurin likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, kamar na asibitocin koyarwa da ke Kano, Shika, Sakkwato da Maiduguri. Can za a yi hoton MRI, a gwada jini, wani lokaci a ɗebi ruwan baya kaɗan. Tilas a yi haka, domin tarin fuka na ƙashin baya, da ƙarancin bitamin B12, da wasu cututtukan jijiya, duk suna kama da shi, maganinsu kuwa daban.

Ba a sami maganin da ke raba mutum da shi ba tukuna. Amma tun 1993 ake da magungunan da ke rage yawan tashinsa, kuma a 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa uku cikin jerin magungunan da ya kamata kowace ƙasa ta tanada. Suna da tsada, gaskiya ne. Ki tambayi likita wanda za ki iya ɗorewa a kai. In ciwon ya taso, akan ba da allura mai ƙarfi ta kwana 3 zuwa 5. Kada ki sayi irinta a kemis ki yi ta sha, tana kawo ciwon sukari da hawan jini, tana raunana ƙashi.

CIKI DA JEGO

Mai MS tana aure, tana haihuwa, tana shayarwa. Cikin 'ya'yanta 100, sama da 95 ba za su same shi ba. Sai dai ki gaya wa likita kafin ki ɗauki ciki, don wasu magungunan na cutar da ɗan tayi.

Ciwon yakan lafa lokacin ciki, musamman watanni 3 na ƙarshe, ya fi tasowa cikin watanni 3 bayan haihuwa. Nan ne za ki kula ƙwarai. Zafi yana tsananta alamunsa, wankan jego kuwa da ruwa mai tururi ake yi har arba'in. Ki sirka ruwanki ya zama mai ɗumi kawai, kada ki kwanta a gadon wuta. In Inna ko uwar miji ba su yarda ba, ki zo da su, mu yi musu bayani da kanmu.

ZAMAN YAU DA KULLUM

Ki yi aiki mai nauyi da sanyin safiya, ki huta da rana, balle a bazara. Ki rage daɗewa gaban murhu. Kada ki ƙi shan ruwa don tsoron fitsari. In kin ji zafin fitsari ko zazzaɓi ki zo da wuri, su ma suna tayar da alamu. Ki riƙa tafiya kaɗan kullum, ki je sashen gashi da motsa jiki, ki guji taba. Riƙe sanda ba abin kunya ba ne.

Ran da za ki zo, ki zo da katinki, da kwalin duk maganin da kike sha, da maigida ko wani babba na gida.