Fasali a Kan Yadda Bawa Zai San Aibin Kansa

Muna farawa da sunan Allah. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ka sani ya kai muridi, Allah ya yi maka muwafaƙa, mafi wuyar ilimi shi ne mutum ya san aibin kansa. Mutanen da sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Wanda bai san cutarsa ba, ba shi neman magani. Mutum ya kan shekara 20 yana jan carbi, girman kai kuwa yana kwance cikin zuciyarsa bai ko motsa ba.

Dubi Imamu Gazali, Allah ya yi masa rahama. A shekara ta 488 ta Hijira, wato 1095, yana karantarwa a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza, almajirai kamar 300 a gabansa. Ya binciki niyyarsa, ya tarar neman suna da ɗaukaka ne ke tura shi, ba neman yardar Allah ba. Ya yi kusan wata 6 yana kai-kawo tsakanin tafiya da zama, har harshensa ya ɗaure, ya kasa ba da karatu. Sa'an nan ya rabar da dukiyarsa, sai abin da zai ishi iyalinsa, ya nufi Sham. Shi da kansa ya ba da labarin nan cikin Munƙizu. To, in aibi ya ɓuya ga malami irin wannan, yaya ni da kai?

Cikin Ihya'u ya ambaci hanyoyi 4 na gane aibin kai.

Ta farko, zama gaban shaihi masanin cututtukan zuciya, ka bi abin da ya umarce ka.

Ta biyu, aboki mai gaskiya mai addini, ka roƙe shi ya riƙa faɗakar da kai. Amma ka kiyaye: in ka ɓata fuska sau ɗaya, ba zai ƙara faɗa maka ba.

Ta uku, harshen maƙiyinka. Masoyi ya kan rufa maka, maƙiyi kuwa ba ya ragawa. In ya ce kai marowaci ne, kada ka yi gaggawar ramawa. Shiga ɗaka ka auna maganarsa. In gaskiya ce, ka sami magani kyauta. In ƙarya ce, ba ta rage ka da kome ba.

Ta huɗu, cuɗanya da mutane. Duk halin da ka ƙi ga wani, ka neme shi ga kanka, domin ɗabi'un 'yan Adam makusanta ne.

Faɗakarwa. Ba mai ganin ƙeyarsa sai da madubi, ko da bakin wani. Wanda ya tare ka a hanyar masallacin Juma'a ya ce akwai baƙin tukunya a goshinka, godiya ka kan yi masa. Don me za ka yi fushi da wanda ya nuna maka baƙin zuciyarka? Kada ka zama wanzami, ba ya son jarfa: yana yi wa kowa wa'azi, shi ba a yi masa.

Saboda haka, kowane dare bayan lisha, tuna maganar da ta fi yi maka zafi a yinin nan, ka tambayi kanka don me ta yi zafi. Sau da yawa a nan cutar take. Ka ɗauki aibi ɗaya ka yaƙe shi, kada ka wuce zuwa wani sai ya yi rauni.

Allah ya nuna mana aibobinmu tun muna da ikon gyarawa, ya suturta mu duniya da lahira. Amin.