Yadda Mutum-mutumi Ke Kai Abinci Har Bakin Ƙofa

A garin Milton Keynes na Ingila, tun shekarar 2018 jama'a suka saba ganin wani farin akwati mai taya shida yana gangarawa a gefen titi, da 'yar tuta ruwan lemo a tsaye a bayansa, ba mai tura shi, ba mai jansa. Daga nesa sai ka ce kular ƙanƙara ce ta yi ƙafa. Ɗan aike ne na kamfanin Starship Technologies, wanda Ahti Heinla da Janus Friis, biyu daga cikin mutanen da suka samar da Skype, suka kafa a 2014.

Aikin yana farawa tun kafin wani ya ji yunwa. Sai an fara zagayawa da mutum-mutumin cikin unguwa, layi-layi, kyamarorinsa suna ɗaukar gefen gine-gine da turakun fitila da mahaɗar hanyoyi da wuraren da bakin titi ya yi gangare don masu tsallakawa. Da wannan ake haɗa masa taswira. Na'urar GPS kaɗai ba ta isa ba, domin takan kuskure wuri da 'yan mitoci, kuma a siririyar hanyar masu tafiya a ƙasa, kuskuren mita biyu ya isa ya jefa akwati ƙarƙashin mota.

Daga nan sai mai saye ya buɗe manhaja a wayarsa, ya zaɓi abinci, ya biya, ya sa alama a taswira daidai inda yake so a same shi. A gidan abinci kuwa babu abin da ya sauya: mai girki ya dafa, a zuba a roba, a ƙulle a leda. Akwatin ya zo ya tsaya a waje, ma'aikaci ya fito ya ɗaga murfi ya ajiye ledar a ciki, inda aka yi shimfiɗa mai riƙe zafi, ya rufe. Murfin na sauka sai ya kulle kansa. Kayan da yake ɗauka bai wuce kimanin kilo 10 ba, wato cefanen leda biyu ko uku.

Sai tafiya. Gudunsa kusan kilomita 6 ne a awa, daidai da mai sauri a ƙafa, kuma da gangan aka taƙaita shi haka. Kyamarori sun kewaye jikinsa, ga rada, ga wasu na'urori da ke aika sautin da kunne ba ya ji su auna nisan abu daga yadda sautin ya dawo. Kwamfutar da ke ciki tana haɗa wannan duka tana gwada shi da taswira. Yaro ya gifta, ya tsaya. An bar kwandon shara a hanya, ya kauce. Tayoyinsa na iya ɗagawa ya hau bakin titi idan bai cika tudu ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne tsallaka titi. A nan za ka ga akwatin ya yi turus a bakin kwalta, yana lissafin gudun kowace mota, yana jira, wani lokaci har mai kallo ya gaji. Mutum yakan haɗa ido da direba ya gane an ba shi hanya. Akwati ba shi da wannan dabara, saboda haka jira ya fi masa. Ga kuma danjar da sai an latsa maɓalli take ba masu ƙafa hannu, shi ko ba shi da yatsa. Idan abin ya cakuɗe, ko aikin gyaran hanya ya toshe inda taswira ta ce a bi, sai ya nemi agaji. Wani ma'aikaci da ke zaune gaban allo a nesa, mai yiwuwa a wata ƙasa, ya leƙa ta kyamarorin ya fitar da shi, sannan ya sake shi ya ci gaba. Don haka duk wanda ya ce maka ba hannun mutum a aikin nan, ya ƙara gishiri.

Mai saye yana bin tafiyar a wayarsa har saƙo ya shigo cewa an iso. Dole ya fito da kansa, domin ɗan aiken nan ba ya hawa bene, ba ya sallama, ba ya ƙwanƙwasa ƙofa. Ya latsa a manhaja, murfi ya buɗe, ya ɗauki ledarsa ya rufe. Akwatin ya yi godiya da murya, ya juya ya nufi wani aiken ko wurin caji. Wanda ya yi ƙoƙarin ɗauke shi a hanya kuwa, ƙara zai ji, kuma kyamara ta riga ta ga fuskarsa.

Ba mamaki jami'o'i ne suka fi karɓarsa: hanyoyi masu faɗi, tafiya gajera, ɗalibai masu kwaɗayin dare. Jami'ar George Mason da ke jihar Virginia a Amurka ta fara da guda 25 a Janairun 2019, ana biyan dala 1.99 kuɗin aike. A cikin gari lamarin ya fi wuya, domin gefen titi yana da masu shi tun asali. A 2019 an dakatar da gwajinsa na ɗan lokaci a Jami'ar Pittsburgh bayan wata ɗaliba mai keken guragu ta koka cewa akwatin ya tare mata gangaren da za ta hau ta bar kan titi. A ganina wannan koke ya fi duk wata burgewa nauyi: gangaren nan domin irinta aka yi shi. A Disamban 2021 majalisar birnin Toronto ta Kanada ta hana irin waɗannan na'urori bin gefen titi, bisa shawarar kwamitinta mai kula da buƙatun masu naƙasa.