Jirgi Ɗaya a Zango Ɗaya: Dokokin Siginar Jirgin Ƙasa Mai Sarrafa Kanta

Gabatarwa

Mafi yawanmu idan aka ce sigina, danjar kan titi ce ke zo mana a rai: ja a tsaya, kore a wuce. Jirgin ƙasa ma yana da tasa, launukan kuma iri ɗaya ne, sai dai nauyin da ke kansu ya sha bamban. Direban mota yakan ga abin da ke gabansa ya taka birki, ko ya kauce. Direban jirgin ƙasa ba shi da sitiyari, kuma ƙafar ƙarfe ce ke gudu a kan ƙarfe. Jirgin kaya mai nauyi da ke gudun kilomita 90 a awa yakan ci kilomita ɗaya da rabi ko fiye kafin ya tsaya cak. Ke nan, sau da yawa kafin idonsa ya hango haɗari, lokacin taka birki ya riga ya wuce. A wannan maƙala zan yi bayanin tsarin siginar da ke sarrafa kanta da dokokin da ke tattare da ita, kamar yadda ake aiki da su a Amurka, inda tsarin ya samo asali.

Daga Tazarar Lokaci Zuwa Tazarar Wuri

A farkon zamanin reluwe, da agogo ake raba jirage. Idan jirgi ya tashi daga tasha, sai a jira wasu mintoci a saki na bayansa. Raunin wannan dabara a fili yake: idan na gaba ya lalace a hanya, agogo ba zai gaya wa na baya ba. A watan Agusta na 1871, a garin Revere kusa da Boston, wani jirgi mai sauri ya afka wa bayan wani da ke tsaye a tasha, kusan mutum 30 suka rasu. Irin wannan asara ce ta sa aka koma ga raba jirage da wuri. Aka yanka layin dogo gunduwa-gunduwa, aka kafa sigina a bakin kowace gunduwa. Ni na zaɓi in kira kowace gunduwa zango, domin kamar na fatake ne: ba a tashi daga wannan sai an san halin da na gaba ke ciki. Tushen doka kuwa shi ne, jirgi ɗaya a zango ɗaya.

Yadda Dogo Yake Sanin Akwai Jirgi a Kansa

A 1872 wani Ba'amurke mai suna William Robinson ya yi rajistar dabarar da har yau ake aiki da ita. Ana raba ƙarafan wannan zango da na wancan da abin da ba ya ɗaukar lantarki. A wannan ƙarshen zangon a sa batir, a wancan ƙarshen a sa makunni mai aiki da maganaɗisu. Wuta mara ƙarfi tana tafiya ta ƙarfe ɗaya, ta ratsa makunnin, ta dawo ta ɗayan. Muddin tana isa, makunnin yana ɗage, sigina tana iya ba da hanya. Da zarar jirgi ya shigo, ƙafafunsa da sandar ƙarfen da ta haɗa su sai su zame wa wutar gajeriyar hanya, ta daina isa can, makunnin ya faɗi, sigina ta koma ja.

Abin da ya fi burge ni a nan shi ne yadda aka tsara lalacewa. Idan batir ya mutu, ko waya ta tsinke, ko ƙarfen dogo ya karye, wuta ba ta isa, saboda haka ja za a gani. Wato na'urar idan za ta yi kuskure, wajen tsayar da jirgi take yinsa. Amma tana da makanta. Tsatsa a kan dogon da aka daɗe ba a bi ba, ko yashi, ko ganyaye, suna iya hana ƙafafu taɓa ƙarfe da kyau. Haka kuma ba ta ganin saniya ko motar da ta mutu a kan layi.

Abin da Launuka Ke Cewa

Jirgi yana cikin zango, siginar da ke bayansa ja ce, ta bayan wannan ruwan ɗorawa, ta bayanta kuma kore. Kore na nufin aƙalla zango biyu a gaba babu kowa. Ruwan ɗorawa na nufin a wuce, amma a shirya tsayawa a sigina ta gaba; a wasu layuka dole a fara rage gudu zuwa kimanin kilomita 48 a awa nan take.

Ja kuwa iri biyu ce, kuma a nan ne mai koyo ya kamata ya natsu. Akwai ja ta mahaɗar layuka, wadda ba a wuce ta sai da izinin jami'in da ke tsara zirga-zirgar jirage. Akwai kuma ja ta tsakiyar hanya, wadda a layuka da yawa ake gane ta da allon lamba a jikin turken. Wannan, direba zai tsaya cak, sa'an nan ya ci gaba da abin da zan kira tafiyar taka-tsantsan. Dalili kuwa, sigina ce da babu mai tsaronta; mai yiwuwa waya ce kawai ta tsinke, kuma ba zai yiwu jirgi ya kwana a daji ba.

Tafiyar taka-tsantsan tana da ma'auni. Dole direba ya iya tsayawa a cikin rabin nisan da idonsa ke gani, kuma kada ya wuce kilomita 32 a awa, yana duban jirgi ko tarago ko karyayyen dogo. Me ya sa aka ce rabi? Domin idan jirage biyu suka fuskanci juna, kowanne ya tsaya a nasa rabin, ba za su haɗu ba. A lura, kilomita 32 iyaka ce kawai. Cikin hazo ko a kwana, rabin abin da ido ke gani yana iya zama tafiyar ƙafa.

Sauran dokokin duk daga rijiya ɗaya aka ɗebo su. Siginar da fitilarta ta mutu, ko launinta bai fito sosai ba, ko aka tarar babu ita a inda aka saba ganinta, a ɗauke ta a matsayin mafi tsananin abin da za ta iya nunawa. Jirgin da zai fito daga reshe ya hau babban layi, idan da hannu aka karkatar masa da dogo, yakan jira minti biyar, don wanda ya riga ya wuce kore a baya ya samu ya iso a gan shi. Ma'aikatan da ke kan jirgi kuma su faɗa wa juna launin kowace sigina da baki.

Matsalar Mantuwa

Sigina tana gaya wa direba halin da hanya ke ciki ne a daidai lokacin da ya wuce ta. Idan ya tsaya a cikin zango, labarin ya tsufa, kuma shi kansa yana iya mantawa. A ranar 16 ga Fabrairu, 1996, a Silver Spring da ke jihar Merilan, wani jirgin fasinja mai zuwa Washinton ya wuce ruwan ɗorawa, sa'an nan ya tsaya ɗaukar fasinja a tashar Kensington. Da ya tashi, sai ya ɗauki gudu ya haura kilomita 100 a awa, kamar kore ya gani. Da ja ta bayyana a mahaɗar da ke gaba, birki bai isa ba, ya yi karo da jirgin Amtrak da ke tahowa. Mutum 11 suka rasu. Masu bincike sun tafi a kan cewa tsayawar da aka yi a tasha tana cikin abubuwan da suka mantar da direba launin da ya wuce. Na'ura ta yi aikinta daidai, ta nuna abin da ya kamata. Bayan haka hukuma ta umarci irin waɗannan jiragen fasinja, idan sun tsaya a cikin zango, su tashi da shirin tsayawa a sigina ta gaba, kada su wuce kilomita 64 a awa sai sun gan ta da idonsu.

A ganina, wannan ne gurbin da tsarin Robinson bai cike ba: yana faɗa, amma ba ya tilastawa. A Satumba 2008, a Chatsworth ta Kalifoniya, direban wani jirgin fasinja yana aika saƙon tes ya wuce ja, ya haɗu da jirgin kaya gaba da gaba, mutum 25 suka rasu. A shekarar ce majalisar dokokin Amurka ta wajabta wata na'ura mai kwamfuta da ke taka birki da kanta idan direba bai bi sigina ba. An yi ta ɗage wa'adin, sai a Disamba 2020 aka kammala kafa ta a dukkan layukan da dokar ta shafa.